Warin gas a daren da aka ɗauke wuta: me za a fara taɓawa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni uwargida ce a unguwar Domayo, Marwa. Shekaranjiya an ɗauke wuta, can tsakar dare na farka na ji warin gas ya cika falo. Maigida ya ce a yi maza a kashe mita kafin a dawo da wuta, ni kuma na taɓa jin cewa in ana warin gas ba a taɓa makunni ko ɗaya. Muna cikin gardama babban ɗanmu ya je ya rufe kan tukunyar ya buɗe ƙofofi, Allah Ya kiyaye. Wa ke da gaskiya a cikinmu? Sannan firjinmu yana ɗan jan mutum in an taɓa shi ba takalmi, abin damuwa ne? In wutar lantarki ta kama yaro me zan yi?"

Wa alaikumus salam Hajiya. Barka da arziki, Allah Ya ƙara tsarewa. Ki gaishe da yaron nan, don abin da ya yi shi ne daidai. Tambayarki uku ce, amma ta farkon ta fi nauyi, domin nan ne ƙa'idoji biyu suke karo da juna. Ƙa'idar lantarki ta ce in hatsari ya taso a yanke wuta. Ƙa'idar gas ta ce in an ji wari kada a taɓa makunni. Ke kin riƙe ɗaya, maigida ya riƙe ɗaya, kowa da gaskiyarsa. Abin da ke raba gardamar shi ne inda babban makunnin gidanku yake, wato dijontar da ke kusa da mita, a waje yake ko a cikin inda warin ya taru. Aikina haɗa wutar gidaje ne da gyaranta a nan Garwa, ina kuma ɗaura wa mutane rishon gas, don haka zan ba ki amsa daga abin da nake gani a gidajen mutane.

Halin gas ɗin da ke cikin tukunya

Gas ɗin da muke saya a tukunya mai kilo 12.5 yawancinsa butan ne, kuma a cikin tukunyar ruwa ne, shi ya sa in kin girgiza ta kike jin motsinsa. Lita ɗaya ta wannan ruwan in ta fito takan zama iska fiye da lita 200. Asalinsa ba shi da wari, kamfani ne ke zuba masa wani sinadari mai ɗoyi da gangan don hanci ya kama shi. Abin da ya fi muhimmanci ki sani shi ne ya fi iskar da muke shaƙa nauyi kusan ninki biyu. Ba ya tashi sama ya fita ta taga, kwarara yake yi ƙasa kamar ruwa, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa, ya kwanta ƙarƙashin gado, ya gangara kwata ko duk wani rami. Shi ya sa ya iske ki a falo alhali tukunyar tana kicin. Yaran da ke kwance a tabarma su ne a tsakiyarsa, wanda ke tsaye kuwa yana iya cewa ai warin kaɗan ne.

Ba ya buƙatar yawa kafin ya kama. In ya kai wajen kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki, tartsatsi ɗaya ya isa. Kicin mai faɗin mita 2, tsawon mita 3, tsayin mita 3, gas ɗin da bai kai kilo ɗaya ba zai kai shi wannan matsayin, kuma tunda a ƙasa yake taruwa, abin da bai kai haka ba ma ya isa ya tashi wuta a daidai ƙafafu. In ya wuce wajen kashi 9 cikin 100 ba ya kamawa saboda ya yi kauri, amma kada wannan ya ruɗe ki. Da zarar an buɗe ƙofa iska ta fara shiga, dole ya sauko ya ratsa ta wannan tsakanin mai hatsari kafin ya baje. Wato lokacin da warin ya fara raguwa, mutane suka fara sakin jiki, wani ya ce a kunna fanka ta kore sauran, lokacin ne abin ya fi kusa. Hanci kuma yana sabawa da wari cikin 'yan mintoci, ki ji kamar ya tafi alhali yana nan.

Gardamarku da maigida

Duk makunnin lantarki yana yin ɗan tartsatsi a cikinsa, wajen kunnawa da wajen kashewa, kuma na kashewar ya kan fi girma. Haka cire waya daga soket. Wannan ita ce gaskiyarki. Gaskiyar maigida kuwa ita ce mu nan arewa wuta ba ta yin sallama in za ta dawo. Yawancin wutarmu daga madatsar ruwa ta Lagdo take zuwa, wadda aka gama a 1982 da ƙarfin megawat 72, kuma in ruwan Binuwai ya ja baya da rani sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Tashoshin hasken rana da aka kafa a Marwa da Gidar sun rage wahala da rana, amma dare sai yadda hali ya yi. In an ɗauke wuta ba wanda ke bi ya kashe makunnai. Ranar da ta dawo ƙarfe uku na dare, firji zai tashi da kansa, fanka ta juya, ƙwan fitila ya kama, duk a lokaci guda, a cikin ɗakin da gas ya kwanta. Tsoronsa yana kan hanya.

Ga yadda nake koya wa mutanen da nake yi wa aiki. Da farko a tashi kowa a fita da shi tsakar gida ko waje, a fara da masu kwanciya a ƙasa. Babba ɗaya ya je ya rufe kan tukunyar, ya buɗe ƙofofi wangale, ƙofa ta fi taga amfani domin gas ɗin ta ƙasa zai fita. Bayan nan ne ake maganar mita. In dijontar tana waje, a jikin katanga ko a zauren da iska ke kaɗawa kuma babu wari a wurin, a sauke ta, wannan shi ne zai hana wutar shigowa in an dawo da ita. In tana cikin falo ko kusa da kicin inda warin yake, a ƙyale ta, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Wani zai ce ai tunda babu wuta a layin babu tartsatsi, kuma haka ne, sai dai ba ki da tabbacin cewa ba a daidai lokacin za ta dawo ba, gidaje da yawa kuma yanzu suna da batirin hasken rana da ke ciyar da wasu layuka ko an ɗauke wutar gari. Tsayawa lalube cikin duhu a ɗakin da gas ya cika shi kansa ganganci ne.

Tocila a kunna ta a waje kafin a shiga, wadda ke kunne kuma a bar ta a kunne. Wayar hannu a fita da ita kafin a kira kowa. A duba abubuwan da ake mantawa: maganin sauro mai hayaƙi da ke ci a lungu, kaskon turaren wuta, garwashin shayin samari a ƙofar gida, murhun maƙwabciya in gidan haya ne. Babur ɗin da ke zaure kada a tayar da shi, in dole a fitar da shi a tura shi da hannu. Kada a koma ciki sai wanda bai daɗe a wurin ba ya shiga ya sunkuya ƙasa ya shaƙa ya ce babu wari.

In an rufe kan tukunyar amma tana ci gaba da huci, to matsalar a bakinta take. A ɗauke ta a tsaye, kada a kwantar da ita domin a kwance ruwan gas ɗin ne zai fito, a kai ta fili nesa da wuta da kwata, a hana yara zuwa, a kira 'yan kwana-kwana a lamba 118. Masu karatu daga Cadi lambarsu 18 ce. In wuta ta riga ta kama a tiyo ko a risho, maganinta rufe kan tukunyar, a naɗe hannu da jiƙaƙƙen tawul a murɗa, wutar za ta mutu da kanta. Kashe harshen wutar ba tare da rufe gas ɗin ba ya fi barinta muni, don gas zai ci gaba da taruwa ya jira wani tartsatsin. In kuwa gobara ce ta ci ɗaki har ta kewaye tukunyar tana gasa ta, babu sauran jarumta, a yi nesa, a gaya wa 'yan kwana-kwana akwai tukunya a ciki da inda take.

Daga ina yoyon ke zuwa

Ba ki faɗi dalilin yoyon naku ba, kuma ina roƙonki kada ki sake kunna rishon sai an gano. Mafi yawan abin da nake tararwa tiyo ne. An taɓa kirana wani gida a Yelwa, uwargidan ta ce gas ɗinta ba ya kai mata wata guda kamar da. Na kaɗa ruwan omo a kofi, na shafa da soso tun daga kan tukunya har zuwa bayan risho. A daidai inda tiyon ya lanƙwasa ya jingina da ƙarfen rishon sai ga kumfa tana tasowa ɗaya bayan ɗaya, tana girma tana fashewa. Da na ciro shi na tanƙwara, duk jikinsa ya tsattsage, ya bushe ƙamas, kuma ashe tiyon ban ruwa ne aka ɗaure bakinsa da robar taya. Tiyon gas na ainihi akwai shekarar da zai ƙare aiki a rubuce a jikinsa, na roba galibi shekara biyar ne, zafin garuruwanmu kuma yakan cinye shi kafin lokacin. A ɗaure bakinsa biyu da maɗaurin ƙarfe mai kusa, kada ya taɓa jikin risho, a riƙa duba shi saboda ɓera.

Na biyu shi ne detanda, abin nan da ake ɗaurawa a kan tukunya yana rage ƙarfin gas. Akwai 'yar zoben roba a bakinta, in ta tsufa ko ta faɗi wajen canza tukunya sai yoyo. Bakin tukwanen kamfanoni kuma ba duka iri ɗaya ba ne, kada a tilasta detandar da ba ta zauna ba. Na uku miya ce ko madara ta tafaso ta kashe wutar, gas yana ta fita, ko yaro ya murɗa makunnin risho ya tafi. Duk waɗannan ukun abu ɗaya ke toshe su da dare, a rufe kan tukunyar duk lokacin da aka gama girki. Gwaji da ashana kuwa, wallahi na ga masu yi, a daina.

Akwai abin da ke damuna ƙwarai, ajiye tukunya a ɗakin kwana don tsoron ɓarayi, musamman in gas ya yi wuya a gari mutum ya sayi biyu ya ɓoye. Na san tukunya kuɗi ce, cikonta kaɗai farashin hukuma sefa 6,500 ne. Amma gara a yi mata ɗan keji na ƙarfe mai kwaɗo a inuwa a waje da kicin, tiyo ya shiga ta bango. Ba a cika tukunya taf, ana barin wajen kashi ɗaya cikin biyar fanko domin ruwan yana kumbura da zafi, mu kuwa a Maris da Afrilu zafi yana haura digiri 40. Masu juye gas daga tukunya zuwa tukunya a bayan shago ba su da ma'aunin wannan, ki guje su ko sun yi araha.

Firjin da ke jan mutum

E, abin damuwa ne, kuma ki cire shi daga soket yau. Wutar gidajenmu volt 220 ce. Jan da kike ji yana nufin wuta tana zurara zuwa jikin ƙarfen firjin, kuma babu wayar ƙasa da za ta kwashe ta, sai ta bi ta jikin wanda ya taɓa. Yanzu kaɗan kike ji domin fatarki a bushe take, daɓen ma a bushe. Ranar da aka wanke ɗaki, ko damina ta sauka, ko yaro ya fito daga wanka da jiƙaƙƙen jiki ya kama murfin zai ɗauki ruwan sanyi, wannan zurarar za ta samu hanya buɗe. Miliamfa shi ne ma'aunin yawan wutar da ke ratsawa. Wutar da ta haura miliamfa 10 takan ƙanƙame tsokar hannu mutum ya kasa saki, daga miliamfa 30 zuwa sama kuma tana iya rikita bugun zuciya. Ƙaramin ƙwan fitila ma yana jan abin da ya kai haka.

Mutane da yawa suna zaton dijontar da ke jikin mita tana kare rai. Galibinsu sai zurarar ta kai miliamfa 500 suke faɗuwa, wannan kariya ce daga gobara, ta yi wa jikin ɗan Adam yawa nesa ba kusa ba. Abin da gidanku ke buƙata biyu ne. Na farko wayar ƙasa ta gaske, sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa aka jawo wayarta zuwa kowane soket. Ƙasar Marwa yashi ce mai bushewa, sanda gajera da aka soka don a ce an yi ba ta aiki da rani, sai an nutsa ta sosai an kuma auna da na'ura. Na biyu ƙaramar dijontar mai gane zurara ta miliamfa 30, wadda ke yanke wuta kafin ƙiftawar ido. A ganina duk gidan da ke da yara wannan ta fi talabijin zama dole.

In wuta ta kama yaro

Allah Ya kiyaye, amma ki riƙe wannan da kyau, domin zuciyar uwa cewa za ta yi ki fizgo shi, kuma nan ne ake rasa mutum biyu maimakon ɗaya. Kada ki taɓa shi da hannu. Ki sauke dijontar, ko ki zare wayar daga soket in wurin a bushe yake kuma ya fi kusa. In duka biyun sun yi nisa, ki tsaya a busasshen wuri da takalmin roba, ki ture wayar ko hannunsa da busasshen icce, muciya ko kujerar roba. Da ya rabu da wutar ki duba ko yana numfashi. In yana yi amma ya suma, ki kwantar da shi ta gefe. In ba ya yi, wani ya kira 118 ko ya nemo mota, ke kuma ki fara danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi da sauri, sau 100 zuwa 120 a minti, bayan kowane dannawa 30 ki hura masa iska a baki sau biyu, kada ki tsaya har ya farfaɗo ko ma'aikatan lafiya su karɓa. Ɗura wa wanda ya suma madara ko ruwa, ko binne shi a yashi wai ƙasa ta zuƙe wutar, duk ɓata lokaci ne mai tsada, wutar ba ta zama a jiki bayan an yanke ta, madarar kuma tana iya shaƙe shi.

Ko ya miƙe ya ce ba komai, a kai shi asibiti, domin wuta tana ƙona ciki fiye da abin da ake gani a fata, zuciya kuma tana iya rikicewa daga baya. Ƙuna a zuba mata ruwa mai sanyi na tsawon minti 20, ba ƙanƙara ba, kada a shafa man goge baki, ɗanyen ƙwai ko baƙin mai. Ni ba likita ba ne, iyakata agajin farko, kuma danna ƙirji abu ne da ake koya da hannu. Ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge tana koyar da shi, yana da kyau mutum ɗaya a gidanku ya je, ga babban ɗanku nan ya nuna yana da natsuwa.

Duk wannan na wutar cikin gida ne. Wayar da iskar damina ta tsinko daga fal ta faɗi a titi ko a kan kwano dabam take, ba a kusantarta da icce ko da komai, a tsaya nesa da ita aƙalla mita 10, a tsare yara da dabbobi, a kira kamfanin wuta da 'yan kwana-kwana. Ko an ɗauke wuta a ɗauka tana da rai.

Gobarar lantarki da abin da ke gabanta

Gobarar lantarki takan yi gargaɗi: ƙaurin roba, soket mai zafi ko wanda ya yi baƙi, ƙarar tsit-tsit a bango. Yawanci ralanj ce, wato wayar ƙari mai soket da yawa, mai siririyar waya aka ɗora mata dutsen guga da abin dafa ruwa da firji. Layin soket yana son waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5, ta 1.5 ta fitilu ce. In ta kama, a sauke dijontar tukuna, kada a watsa ruwa sai an tabbatar an yanke wutar, kafin nan yashi ko tukunyar kashe gobara mai hoda. Wani abin da nake so ki gane da ido, in kika ga fitilu sun yi haske fiye da kima, fanka tana gudu kamar za ta tsinke, ki ruga ki sauke dijontar. Wata waya ce ta katse a layin, wutar tana iya haurawa kusan volt 380, tana ƙona kaya cikin mintoci. Janareta kuma wurinsa waje, nesa da taga, domin hayaƙinsa yana ɗauke da guba marar wari da ke kashe masu barci, haka garwashin da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa lokacin sanyin hunturu.

Daga nan ba zan iya ganin gidanku ba, don haka sai kin kira ma'aikacin da zai zo ya duba da idonsa. Ki ce masa ya gwada tiyo da detanda da ruwan sabulu a gabanki, ya auna firjin ya gano ko injinsa ne ko wayarsa, ya auna wayar ƙasa ya faɗa miki abin da na'urar ta nuna. In dijontar taku a cikin falo take, ita da mita ba a matsar da su sai da izinin kamfanin wuta, ku je ofishinsu ku tambayi yadda za a mayar da su waje. Ku zauna da rana, ke da maigida da yaran da suka yi wayo har da 'yar aiki, kowa ya sauke dijontar da hannunsa ya murɗa kan tukunyar ya san ɓangaren da take rufewa, a kuma rataye makullin ƙofar ƙarfe a inda kowa zai lalubo shi cikin duhu. In ma'aikacin ya ɗaura ƙaramar dijontar ta miliamfa 30, akwai ɗan maɓallin gwaji a jikinta, ki sa ya danna a gabanki ki ga wutar ta yanke kafin ki biya shi, ke ma ki riƙa danna shi sau ɗaya a wata.